Ɗan Aiken Da Ke Cikin Kwamfutarmu Suna Kaɗai Yake Dubawa



Yau mun ajiye zancen jigo da salo a gefe. Za mu yi magana ne a kan wani ɗan akwatin saƙo da da yawanmu mun taɓa gani a fuskar kwamfuta, galibi a ranar da aiki ya fi matse mu. Ka sayi laftof ta hannu, an ɗora maka manhajar tsara littafi ko ta haɗa hoton bango, ka danna ta, sai ta ƙi buɗewa. Maimakon ta buɗe sai ga saƙo da Turanci yana cewa ba a ga VCRUNTIME140.dll ba, ko kuma MSVCP140.dll. Abin da ke biyo baya kusan kowa ya san shi. A kwafe sunan, a zuba a Google, a shiga shafin farko da ya fito, a sauko da ɗan fayil ɗin, a jefa shi kusa da manhajar ko cikin System32. Wani lokaci ta buɗe. Mu yi hamdala mu koma kan babi na tara.

Mu ma mun yi haka, ba sau ɗaya ba. Amma ra'ayinmu a yau shi ne wannan ɗabi'a ce da ya kamata mu bari, kuma mun lura tsoratarwa kaɗai ba ta sa mutum ya bari. Wanda aka ce wa "kada ka yi" alhali yana ganin abin yana aiki, gobe ma zai yi. Sai mutum ya ga yadda babbar manhajar kwamfuta ke neman waɗannan fayiloli da idonsa, sannan zai gane abin da ya miƙa wa baƙo a lokacin da ya jefa fayil ɗin. A kwamfutar nan ne fa rubutun shekara biyu yake, da imel, da shafin Facebook a buɗe.

Manhajar da muke dannawa ba ta ɗauke da duk abin da take buƙata a cikinta. Buɗe hoto, matse fayil, zana harafi a kan allo, ɓoye saƙo kafin ya bi ta intanet, waɗannan ayyuka ne da ɗaruruwan manhajoji ke yi. Maimakon kowace ta zo da nata, sai aka rubuta aikin sau ɗaya aka ajiye a fayil guda, duk mai buƙata ya ara. Irin wannan fayil shi ake kira laburaren tarayya. A Windows sunansa yana ƙarewa da .dll, a Linux da Android da .so, a kwamfutocin Apple kuma da .dylib. Kalmar laburare tana iya ruɗa marubuci, don babu littafi ko ɗaya a ciki. Ya fi kama da turmi a gidan haya: guda ɗaya ne a tsakar gida, duk mai daka ta ɗauka. A wayoyin Android da kwamfutocin Linux, wani laburare mai suna FreeType ne ya daɗe yana zana haruffa daga fayil ɗinsu zuwa allo, har da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu, wani kuma mai suna HarfBuzz yana jera su yadda za su zauna a layi. Tsarin ba sabo ba ne. Irin wanda Linux ke bi a yau ya samo asali daga SunOS 4.0 na kamfanin Sun Microsystems a Amurka, wanda ya fito a 1988, lokacin da wurin ajiya da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke da tsadar gaske.

To idan turmi na tsakar gida ne, dole a samu mai ɗaukowa. A cikin kowace babbar manhaja akwai wata ƙaramar manhaja da ke tashi kafin taka ta tashi. Aikinta ta karanta jerin laburaren da manhajarka ke buƙata, ta nemo su, ta haɗa su da ita a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ta matsa gefe. Mu a nan za mu kira ta ɗan aike. A Linux na kwamfutocin da muka saba da su sunansa ld-linux-x86-64.so.2. Kuma a nan gizo ke saƙar: abin da manhaja ke rubuta wa ɗan aike a takarda yawanci suna ne kawai, babu adireshi. Ta rubuta libc.so.6 ko libssl.so.3, shi ke nan. Ina zai same shi? Wannan ba ruwanta. An riga an koya wa ɗan aike jerin wuraren da zai leƙa, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda ya fara ganin fayil mai wannan suna da ya dace da irin injin, shi zai ɗauko. Ba ya tambayar wa ya ajiye shi. Ba ya ƙarasa zagayen don ya gwada na gaba.

Bari mu fara da Linux, ko da yake mun san 'yan kaɗan ne a cikinmu ke amfani da shi, saboda a can ne komai yake a fili, mutum zai iya bin sawun ɗan aiken taki bayan taki. Mu ma a can muka fara ganewa, a shekarar farko ta difloma, ranar da muka harhaɗa wata manhaja da hannunmu muka girka ta, ta ce mana ba ta ga laburaren da muke kallo ƙuru-ƙuru a folda ba.

Idan sunan da ke takarda yana ɗauke da alamar / a ciki, to adireshi ne cikakke, ɗan aike ya tafi kai tsaye. Idan suna ne tsura, sai ya fara da adireshin da magina manhajar suka dasa a cikinta tun ranar gini, wanda ake kira RPATH. Daga nan ya duba ko mai kwamfutar ya ba shi wani kwatance na musamman ta hanyar saiti mai suna LD_LIBRARY_PATH. Sai RUNPATH, wanda shi ne sabon salon dasa adireshi; idan manhaja na da shi, ana watsi da tsohon RPATH, kuma bambancinsu shi ne shi wannan yana zuwa bayan kwatancen mai kwamfuta. Idan duk bai samu ba, sai ya buɗe wani kundin adireshi da ke /etc/ld.so.cache. A ƙarshe ya leƙa wuraren asali, wato /lib da /usr/lib, ko /lib64 da /usr/lib64 a wasu nau'o'in Linux. Idan nan ma babu, ya dawo hannu rabbana, manhaja ta ƙi tashi.

Galibin laburare a wannan kundin ake samun su, kuma shi ne ya kayar da mu a wancan lokaci. Kundin ba ya sabunta kansa. Akwai umarni mai suna ldconfig da ke zagaya foldodin da aka lissafa a /etc/ld.so.conf da fayilolin da ke cikin /etc/ld.so.conf.d, ya rubuta sunan kowane laburare da inda yake. Idan ka girka manhaja ta rumbun da babbar manhajar ta tanada, ana yi maka wannan ba tare da ka sani ba. Idan kuwa da hannunka ka zuba laburare a /usr/local/lib, to fayil yana nan, amma sunansa bai shiga kundi ba, kamar sabon ɗan haya da mai gida bai rubuta ba. A Debian da Ubuntu wannan folda tana cikin jerin tun asali, don haka umarnin ldconfig sau ɗaya ya wadatar. A Fedora ba ta ciki, sai ka ƙara ta da kanka kafin ka ba da umarnin. Mun ɓata yini guda kafin wani ɗan ajinmu ya nuna mana kalma ɗaya tak.

Har wuraren asalin ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Fedora na ajiye laburaren injin mai bit 64 a /usr/lib64, su kuwa Debian da Ubuntu suna ajiyewa a /usr/lib/x86_64-linux-gnu, tsarin da Ubuntu ta fara a 2011, Debian kuma ta fito da shi a zubi na 7 a 2013. Shi ya sa shawarar da wani ya bayar a intanet za ta iya zama daidai a kwamfutarsa, ta zama shirme a taka.

Yanzu ga inda muke da ƙorafi. Duk wanda ya nemi maganin wannan matsala a intanet, abu na farko da za a ce masa shi ne ya saita LD_LIBRARY_PATH, wasu har su ce ya rubuta shi a fayil ɗin da ke tashi duk sanda ya shiga kwamfuta. Yana aiki, ba ma musu. Amma a duba matsayinsa a jerin da muka kawo: yana gaban kundi, yana gaban wuraren asali. Ma'ana ka ce wa ɗan aike, daga yau duk abin da kowa ya aike ka, fara duba ɗakina. Kuma duk manhajar da ta tashi daga wannan zaman tana gadon saitin. Idan a foldar nan akwai tsohon laburare mai suna iri ɗaya da na tsarin, sai wata manhaja da ba ta ji ba ta gani ba ta fara faɗuwa bayan wata biyu, ka rasa dalili, don ka manta da layin da ka rubuta. An yi wannan saiti ne don gwaji na ɗan lokaci. Magina tsarin da kansu sun san haɗarinsa, shi ya sa ɗan aike ke yin biris da shi idan manhajar da za ta tashi irin wadda ke aron ikon shugaban kwamfuta ce, kamar passwd mai canza kalmar sirri. Ba don haka ba, da kowane mai amfani zai iya ajiye laburaren ƙarya ya sa a ɗora shi da cikakken iko.

Akwai wani tarko a cikinsa da ya kamata ya burge duk marubucin da ya taɓa rigima da edita a kan waƙafi. Ana raba foldodin da ke cikin saitin da alamar ruwa biyu. Idan aka bar gurbi babu komai, misali ruwa biyun ya zo a farko ko a ƙarshe, ɗan aike yana fassara wannan gurbi da "foldar da nake tsaye a ciki yanzu". Masu rubuta manhaja da dama sun saba rubuta tsohon saiti, ruwa biyu, sannan sabuwar folda. Idan tsohon saitin babu komai a cikinsa, sai a tashi da ruwa biyu a farko. A 2010 an gano manhajoji da dama a rumbun Debian masu wannan kuskure, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa. Alamar rubutu guda ce ta buɗe ƙofar.

Sai batun lambar da ke ƙarshen suna, wadda mutane ke ɗauka ado ce. Mu marubuta mun san bambancin sake buga littafi da yi masa sabon bugu mai gyara. Idan an sake bugawa kawai, wanda ya ce a duba shafi na 40 zai tarar da abin da yake nema. Idan an sake zubi an ƙara babi, shafi na 40 ya zama wani abu dabam. Lambar da ke bayan .so haka take. Muddin ba ta canza ba, magina laburaren suna alƙawarin tsofaffin manhajoji za su ci gaba da samun abin da suka saba samu a inda suka saba. Babban laburaren Linux, libc.so.6, yana riƙe da wannan lamba 6 tun 1997. OpenSSL kuwa, mai ɓoye saƙonni, ya canza. Da Ubuntu 22.04 ta fito a 2022 da libssl.so.3, manhajojin da aka gina a kan libssl.so.1.1 suka ƙi tashi. Nan take wata shawara ta bazu: ka ƙirƙiri fayil na nuni mai tsohon suna, ka sa ya nuna sabon laburare. Wannan cire bangon tsohon bugu ne a manna wa sabo. Ɗan aike zai ɗauko shi, tunda suna kaɗai yake nema, amma abin da ke ciki bai dace ba, sai manhajar ta sake tsayawa da wani saƙon kuskuren. Wasu kuma suka ce a kwaso tsohon laburaren daga tsohuwar Ubuntu a dasa. Wannan yana aiki, sai dai masu OpenSSL sun daina yi wa zubin 1.1.1 gyaran tsaro na kyauta tun 11 ga Satumba, 2023. Hanyar da ta dace ita ce a nemi zubin manhajar da aka gina don sabon laburaren.

Abin daɗi a Linux shi ne ba sai ka yi canki-canka ba. Umarnin ldd yana nuna kowane laburare da manhaja ke nema da inda aka same shi, ko ya ce ba a samu ba. Idan ka sa LD_DEBUG=libs a gaban sunan manhaja, ɗan aike zai faɗa maka kowace ƙofa da ya ƙwanƙwasa bi da bi. Gargaɗi ɗaya, wanda ke rubuce a littafin jagorar ldd ɗin kansa: kada a gwada shi a kan manhajar da ba a yarda da ita ba, don a wasu yanayi yana iya tayar da ita. Ga irin wannan a yi amfani da readelf ko objdump, masu karanta fayil ba tare da sun tayar da shi ba.

Mu dawo Windows, inda mafi yawanmu muke. Ɗan aiken nan ma yana da jerinsa. Bayan wasu matakai na cikin gida, yana duba ko manhajar ta riga ta ɗora laburare mai wannan suna, sannan ya duba wani gajeren jeri na manyan laburaren tsarin da ake kira KnownDLLs, waɗanda ba a yarda a musanya su ta wannan hanya ba. Idan sunan ba ya cikin waɗannan, wurin farko da zai leƙa shi ne foldar da manhajar kanta take zaune. Sai System32, sai tsohuwar foldar System, sai foldar Windows, sai foldar da ake aiki a ciki a lokacin, a ƙarshe foldodin da ke cikin saitin PATH.

A lura da kyau: foldar manhaja tana gaban System32. Wannan shi ne dalilin da ya sa dabarar jefa fayil kusa da manhaja take aiki, kuma shi ne dalilin da ya sa take da haɗari. Laburare ba hoto ba ne, ba takarda ba ce. Umarni ne da kwamfuta ke zartarwa, kuma da zarar an ɗora shi ya zama ɓangaren manhajar, yana da duk ikon da take da shi. Idan manhajar na iya karanta foldar da littafinka yake, shi ma yana iyawa. Idan tana iya shiga intanet, shi ma haka. A Windows laburare na iya fara aikinsa tun a daƙiƙar da aka ɗora shi, kafin manhajar ta nemi komai a wurinsa. Mai mugun nufi kuma ba wawa ba ne, zai sa fayil ɗinsa ya yi aikin da ake nema daidai, manhaja ta buɗe, kai ka yi murna, shi kuma ya ci gaba da nasa a bayan fage. Buɗewar manhaja ba ta tabbatar da komai game da fayil ɗin da ka sauko.

Wannan ba hasashe ba ne. A da foldar da ake aiki a ciki tana zuwa ta biyu a jerin, gaban System32, sai da Windows XP ta samu babban gyaranta na biyu a 2004 aka mayar da ita baya a matsayin tsarin asali. Duk da haka a watan Agusta na 2010 Microsoft ta fitar da sanarwar tsaro mai lamba 2269637, bayan masu bincike sun nuna manhajoji masu yawa na neman laburaren da babu shi a ko'ina cikin tsarin. Ɗan aike ya duba nan babu, can babu, har ya gangaro foldar da takardar da ka buɗe take. Idan wani ya ajiye fayil mai wannan suna kusa da takardar, an gama. Ka danna takarda mai tsabta, manhaja ta gaskiya ta buɗe ta, amma ta ɗauko baƙo a hanya. Duk wanda ke yawo da filashi tsakanin shagon buga takardu da kwamfutarsa ya san irin tarkacen da filashi ke dawowa da su. An toshe da yawa daga waɗannan ramuka tun lokacin, kuma Microsoft ta ba magina manhaja hanyar taƙaita wuraren da za a duba, amma sai maginin ya yi amfani da ita.

Akwai wani wuri da muke mantawa da shi, foldar Downloads. Duk abin da muka sauko a nan yake taruwa, wata da watanni. Ranar da ka danna fayil ɗin girka sabuwar manhaja daga cikinta, to a wurin ɗan aike Downloads ce foldar manhajar, ita zai fara dubawa. Wancan .dll da ka sauko bara ka manta da shi yana nan yana jira, kuma mai girka manhaja yakan nemi ikon shugaba, ka danna masa "eh" da hannunka. Ba ma ajiye .dll a Downloads, kuma idan za mu girka abu mukan mayar da shi sabuwar folda da babu komai a ciki.

Wani abin dariya a gefe, wanda ke ƙara rikita masu jefa fayil: a Windows mai bit 64, foldar System32 ita ke ɗauke da laburaren bit 64, na bit 32 kuma suna cikin SysWOW64. Sunayen a juye suke saboda dalilan tarihi. Mutum ya sauko da na 32, ya ga folda mai 32 a sunanta, ya zuba, sai saƙon farko ya ɓace wani ya maye gurbinsa mai lamba 0xc000007b. Ya koma Google, ya sauko da wani fayil ɗin. Haka ake haƙa rami don a cike rami.

Alhali maganin VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll a bayyane yake. Dukansu 'yan gida ɗaya ne, wani ƙunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable, wanda manhajojin da aka gina da kayan aikin kamfanin daga 2015 zuwa gaba ke dogaro da shi. Kyauta ne a shafin Microsoft, bai kai nauyin gajeren bidiyo ba. A sauko da na x64 da na x86 duka, don manhaja mai bit 32 na x86 take nema ko da kwamfutar mai 64 ce. Shi zai ajiye kowane fayil a muhallinsa, tare da 'yan uwansa da suka dace da shi. Haka yawancin irin waɗannan saƙonni suke. Fayil ɗin da ya ɓata yana da gidan da ya fito, kuma tambayar da ta kamata a yi wa Google ita ce wane ƙunshi ne ke ɗauke da shi.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za a ce data tsada, sabis ba tabbas, mai gyara a kasuwa da filashinsa ya fi sauƙi. Gaskiya ne. Za kuma a ce manhajojin tsara littafi na kuɗi sun fi ƙarfin aljihun sabon marubuci, shi ya sa ake ɗora waɗanda aka fasa. Wannan ma mun sani, ba za mu yi kamar daga wata duniya muka faɗo ba. Amma a san abin da ake yi. Fasa manhaja sau da yawa ta wannan hanyar ake yin sa: a musanya laburare na asali da wani mai suna iri ɗaya wanda baƙo ya gyara, sannan a ce ka kashe manhajar tsaro don kada ta goge shi. Wato da bakinka ka sallami mai gadi, ka kuma nuna wa ɗan aike inda zai ɗauko kayan wanda ba ka sani ba. Wanda ya ga ba shi da zaɓi, aƙalla kada kwafin littafinsa ɗaya tilo ya kwana a wannan kwamfuta. Akwai kuma LibreOffice don rubutu, Scribus don tsara shafuka, GIMP da Inkscape don bango, duk kyauta daga shafukan masu su. Ba su kai na kuɗin santsi ba a wasu wurare, mun yarda, amma sun isa fitar da littafi.

Hujja mafi ƙarfi ta masu ilimin abin ce. Suna cewa tunda neman laburare ke jawo duk wannan, me ya sa kowace manhaja ba za ta zo da nata turmin ba? Wurin ajiya ya yi araha yanzu. Kuma duniya ta karkata can: a Linux akwai AppImage da Snap da Flatpak masu zuwa da kayansu ko da tarin kayan da aka ware musu, manhajojin Windows da na Mac kuwa sun daɗe suna haka. Ga mai amfani wannan sauƙi ne na gaske, mu ma muna amfani da su. Sai dai yana da farashi. A watan Afrilu na 2014 da aka gano ramin Heartbleed a OpenSSL, kwamfutar da manhajojinta ke aron laburare ɗaya gyara ɗaya ta buƙata, a sabunta fayil, a sake tayar da manhajojin. A watan Satumba na 2023 kuwa da aka gano rami a libwebp, mai buɗe wani nau'in hoto, sai aka tarar Chrome na da kwafinsa, Firefox na da nasa, manhajoji masu yawa da aka gina a kan Electron kowace na da nata. Kowace sai da masu ita suka fitar da gyara dabam, wadda aka daina kula da ita kuma ta zauna da raminta. Mu dai a ganinmu aron turmi ɗaya ya fi, matuƙar akwai mai kula da tsakar gidan, kuma abin da jerin wuraren asali ke tabbatarwa ke nan: a Linux ba mai iya rubutu a /usr/lib sai mai ikon shugaba, a Windows ma System32 haka take.

Manyan kamfanonin ma da alama sun gaji da barin ƙofa a buɗe. Tun 2015, da zubin El Capitan, kwamfutocin Apple ke watsi da saitin DYLD_LIBRARY_PATH, ɗan uwan wancan na Linux, idan manhajar ta tsarin ce. Daga Big Sur a 2020 ma laburaren tsarin sun daina zama fayiloli ɗai-ɗai da za ka gani a folda, an dunƙule su a kundi guda. A Android, tun zubi na 7 a 2016, manhaja ba ta da izinin ɗora laburaren cikin gida na tsarin, sai waɗanda aka buɗe wa kowa da waɗanda ta zo da su a ƙunshinta. Shi ya sa da wuya wayarka ta ce maka ba ta ga wani .so ba. A laftof ne har yanzu aka bar wa mai ita wuƙa da nama, kuma yawancinmu da asusun shugaba muke shiga kullum, wanda mai shago ya buɗe mana ranar da muka saya.

Wata 'yar ƙungiyarmu ta kawo mana tata a watan jiya, manhajar haɗa bango ta daina buɗewa ana saura kwana huɗu ta kai aiki maɗaba'a. Da muka leƙa foldar manhajar muka tarar da .dll guda biyar da ba su zo da ita ba, kowane da ranar da aka sauko da shi, uku daga ciki na bit 32 ne a gefen manhaja mai 64. Muka kwashe littafinta zuwa wani wuri tukuna, muka cire biyar ɗin, muka girka ƙunshin Microsoft, manhaja ta buɗe. Ba mu iya ce mata ga abin da fayilolin nan suka yi a watannin da suka zauna ba, don haka a daren ta canza kalmomin sirrinta na imel da Facebook daga wayarta, bayan an kai aiki maɗaba'a kuma aka sake wa kwamfutar Windows gaba ɗaya.